Kafin Wanzami Ya Taɓa Ƙafar Umaima

Litinin, 15 ga Satumba, 2025

Yau da safe ina jera kayan aiki a rumfa na hango Umaima za ta makaranta. Ba ɗingishi take yi ba, amma kowane taku sai ta ɗage ƙafa kamar mai tsallake kwata. 'Yar Yaya Fadila ce, shekararta bakwai. Tun tana rarrafe nake kallonta, na san wannan tafiyar ba tata ba ce.

Na kira ta na ce ta ciro sandal. Me zan gani? Insol. Shimfiɗar nan da ake sa wa cikin takalmi, ta manya, an rage ta da almakashi, yankan ma a karkace. Tudun da ya kamata ya zauna a tsakiyar tafin ƙafa yana can gindin yatsu. Har ya tayar mata da bororo.

"Abba ne ya sayo, Kawu. Wai maganin ciwon ƙafa ne."

Shekara goma sha ɗaya ina gyaran takalmi a bakin titin Unguwar Dosa. Tsakanin gidansu da rumfata ko minti biyar babu. Ba wanda ya tambaye ni.

Na cire na sa mata a jaka. Yarinya ba ta da laifi.

Talata, 16 ga Satumba

Na je gidan da azahar, lokacin da na san Shehu, uban Umaima, yana ofis. Na tarar da Yaya Fadila da jaririnta Sadiq a baya, idonta duk ya faɗa. Ta ce wata biyu ke nan. Da an yi magariba sai Umaima ta fara kuka, ƙafafu duka biyu, sha-raɓa da bayan gwiwa. Da safe kuma garau, har gudu take yi.

Na ce shi ne ba ki faɗa min ba?

Ta ce, "Rabe, da me zan ji?"

Sai ta rage murya. Wai uwar Shehu ta ce mugun jini ne, sai an tsaga ya fita. Akwai wanzaminsu a Rigasa, shi ya yi wa Shehu yana yaro.

Na ɗage wandona na nuna mata ƙwaurina. Tsaga goma sha biyu a dama, goma sha biyu a hagu. Na ce Yaya, kin manta? Ke kika riƙe min hannu. Ina shekara takwas aka yi min, ɗaya ta yi ruwa na yi wata ban taka ba, ciwon kuma bai bar ni ba sai da ya ga dama, ina sha biyu.

Ta ce ba ta manta ba. Ta ce amma ba ita ce mai magana a gidan ba.

Alhamis, 18 ga Satumba

Na soki yatsana da basilla sau biyu. Hankalina ba ya wajen aiki.

Asabar, 20 ga Satumba

Na samu Shehu yana wanke mota. Na gaishe shi yadda ya kamata, na ce Yaya Shehu, insol ɗin nan ta yi wa ƙafarta girma, a bar ni in yi mata daidai ita.

Bai ko ajiye soson ba.

"Shumeka, wannan fa ba ɗinkin silifas ba ne. Abu ne na kimiyya. A intanet na karanta."

A raina na ce intanet ɗin ce ta ce ka yanka da almakashin ɗinki? A fili na ce haka ne.

Aji biyar na tsaya a firamare, ya sani, kuma ba ya bari in manta. In zai yi min magana sai ya sa Turanci a tsakiya ya tsaya yana kallona ko na gane. Ƙafa nawa ka taɓa riƙewa a sakatariya? Ni in na ga dunduniyar takalmin mutum zan faɗa maka ɓangaren da yake rataya jaka.

Tsohuwar, uwarsa, tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta, tana jin mu. Ta ce, "Ku gama surutunku. Uban yarinyar nan haka ya yi ta yi, aka tsaga, ga shi nan da ƙafafunsa yana zuwa ofis."

Na ce Hajiya, ni ma an yi min.

"To ba ga ka nan kana tafiya ba?"



Shehu ba ya son a ce ya saɓa wa uwarsa, ba ya kuma son abokan ofis su ji an yi wa 'yarsa tsaga. Sai ya raba. Ya ce a ba ni zuwa ƙarshen Oktoba. In ciwon bai tafi ba, Asabar ɗaya ga Nuwamba Hajiya ta kira wanzaminta, shi babu ruwansa. Sannan ya ɗora: "Kuma kar in ga an mayar min da takalmin yarinya wani iri, yara su riƙa nuna ta. Duk abin da za ka yi kar a gan shi."

Sati shida. Ƙafar yarinya ce aka sa wa wa'adi kamar haya.

Laraba, 24 ga Satumba

Na rufe rumfa na raka Yaya Fadila asibiti da Umaima. Tun bakwai muke layi, sai sha ɗaya muka shiga.

Likitar mace ce, ba ta da gaggawa. Ta matsa gwiwa, ta matsa idon sawu, ta sa Umaima ta yi tafiya, ta yi tsalle da ƙafa ɗaya. Ta yi tambaya: yana kumbura? Akwai zazzaɓi? Ƙafa ɗaya ce kullum? Tana tashi da shi da safe? Duk a'a. Ta ce to wannan shi ake kira ciwon girma, yara da yawa suna yi, yana wucewa da kansa. In ɗaya daga abubuwan da ta tambaya ya bayyana, a dawo da sauri.

Ta ce a riƙa gasa mata da ruwan ɗumi, a mulmula, a miƙe ƙafar a hankali.

Na ce ranki ya daɗe, insol fa? Tafinta shafe yake, ramin tsakiyar nan kusan babu.

Ta kalle ni. "Kai wa ya faɗa maka?"

Na ce takalminta. Ta ciki yake cinyewa.

Ta yi dariya, ba ta raini ba. Ta ce gaskiya ne. Ta ce wasu yaran masu irin wannan ƙafar suna jin sauƙi da ita, wasu ba sa ji, ba za ta yi min alkawari ba. In zan yi, kar tudun ya yi tsawo, kar ya yi tauri.

Na tambayi maganar tsaga. Ta ajiye biro ta ce, "Kar a yi."

Yaya Fadila ta kai wa tsohuwar wannan saƙon. Amsarta: likitar 'ya'ya nawa ta raina?

Juma'a, 26 ga Satumba

Na jiƙa tafin Umaima na sa ta taka kwali, sau uku kowace ƙafa. Ta hagu ta fi kwanciya. Na yanka soso mai ɗan ƙarfi, na rage da wuƙa, na goge da sanfefa har sai da yatsana ya daina jin gaɓa. Na ɗaga shimfiɗar sandal ɗin ta asali, na kwantar da nawa a ƙasa, na mayar na manne. Na ƙara ɗinke maɗaurin, na rufe da ɗinkin koma-baya uku yadda nake rufe duk aikina.

In ka kalla, sandal ce ruwan ƙasa lamba talatin, irin wadda kowace yarinya a unguwar nan take sawa boko da Islamiyya. Shehu ya juya ta gaba da baya bai ga komai ba. Ya ce, "Ina abin?" Na ce ai ka ce kar a gani.

Lahadi, 28 ga Satumba

Umaima ta ce kamar akwai tuwo a ƙarƙashin ƙafarta. Na ce za ki saba.

Jiya ta yi kuka. Yau ma. Na fara sa alama a bayan littafin nan, ranar da aka yi ciwo gicciye, ranar da ba a yi ba ɗigo. Yaya Fadila ce ke faɗa min da safe. Na tambaye ta gashin da likita ta ce, ta ce tana yi in Sadiq ya bar ta. Wato minti ɗaya, tana yi tana jijjiga shi.

Talata, 30 ga Satumba

Ruwa kamar da bakin bokiti, bayan la'asar. Kwata ta cika ta shigo min rumfa. Na ga 'yan Islamiyya an tashe su suna gudu, kowa allo da jaka a ka. Gam ɗina ya sha ruwa.

Laraba, 8 ga Oktoba

Ɗigo takwas a jere.

Umaima ta biyo ta rumfa da gudu. Na ce yaya tuwon? Ta ce, "Kawu, ya tafi, yanzu ba na jin komai." Na ce ban faɗa miki za ki saba ba?

Laraba, 15 ga Oktoba

Sati biyu cif babu kuka. Shehu ya tsaya da mota a gaban rumfa, bai fito ba, ya sauke gilashi ya ce, "Da alama dai ra'ayin insol ɗin nan nawa ya yi aiki."

Ra'ayinsa!

Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya ja mota.

Ba komai. Ni na san hannun da ya yi. Na faɗa wa mai shayi, na faɗa wa masu Keke Napep da ke hutawa a nan. Har wani ya ce zai kawo min ɗansa. Ina jiran ɗaya ga Nuwamba in ga fuskar tsohuwar nan.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Wata mata daga layin bayan masallaci, Maman Lubna, ta kawo sandal ɗin 'yarta. Ta ce in duba mata, yarinyar ta dame ta wai akwai dutse a ciki, ita kuma ta zazzage ba ta ga komai ba.

Na karɓa. Ruwan ƙasa, lamba talatin. Na juya maɗaurin. Koma-baya uku.

Na danna babban yatsa a tsakiya. Tuduna ne. Na hagu ya fi na dama.

Na ce tun yaushe take cewa haka? Ta ce tun ranar ruwan nan da aka tashe su Islamiyya da gudu. Ajinsu ɗaya da Umaima. A ƙofar aji suke tule takalma, kusan guda sittin, duk ruwan ƙasa, kowa ta zura wanda ya shiga ƙafarta ta ruga.

Ni da na yi shekara da shekaru ina ganin tulin nan a ƙofar Islamiyya da ƙofar masallaci. Ni da iyaye ke kawo wa takalmi in ɗinka jan zare ko in ƙona harafi don kar ya ɓace. Na ɓoye aikina har na manta in sa alamar da yarinya za ta gane.

Kwana ashirin. Duk ɗigon nan da nake ƙirgawa ina kumbura, sandal ɗin Lubna ce a ƙafar Umaima. Ita kuma baiwar Allah Lubna tana taka tudun da ba nata ba.

Na ce wa matar ta dawo gobe. Ban faɗa mata ba. Na zauna ban iya cin abincin rana ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Na je gidan Yaya Fadila karɓo ta Lubna bayan an taso Islamiyya, gab da magariba. Na ce wa Yaya Fadila gam zan ƙara, ga ta nan na yi musaya a cikin leda ba ta lura ba. Wannan karon na ɗinka koren zare a maɗauri na nuna wa Umaima.

Zan fita sai na ga abin da ban taɓa gani ba, don ban saba zuwa a wannan lokacin ba. Tsohuwar ta fito da roba da ruwan ɗumi da tsumma. Umaima ta zo da kanta ta miƙe ƙafa a cinyarta, ba wanda ya kira ta. Ta gasa, ta matse tsumma, ta sake gasawa. Ta lakato man kaɗanya. Daga idon sawu zuwa bayan gwiwa, da babban yatsa, a hankali. Ta kama tafin ta tura sama ta riƙe. Abin da likita ta kwatanta, sak, ita da ba ta je ba. Na tsaya a zaure ina kallo har aka kira salla ba ta gama ƙafa ta biyu ba.

Ta hango ni. "Kai kuma tsayuwar me kake yi kamar an aiko ka karɓar wuta?"

Na ce sai da safe, Hajiya.

A waje na tambayi Yaya Fadila tun yaushe. Ta ce tun ranar ruwan nan. Yarinyar ta dawo jiƙe sharkaf tana rawar ɗari, Hajiya ta ɗora ruwa ta gasa mata jiki, daga nan kullum Umaima sai ta kai mata ƙafa. Wai Hajiya ta ce gara naman ya yi laushi kafin wanzami ya zo.

Rana ɗaya. Ranar da takalmina ya bar ƙafarta, ranar aka fara.

Ban yarda ba tukuna. Wataƙila lokacin tafiyar ciwon ne ya yi.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Tsohuwar ta tafi Zariya biki, sai Laraba. Umaima tana cikin takalmina na gaskiya. Yanzu za a gani.

Asabar, 25 ga Oktoba

Gicciye.

Talata, 28 ga Oktoba

Lahadi ɗigo. Jiya gicciye, mai tsanani, har maƙwabta suka leƙo.

Na karɓi sandal ɗin na duba. Koren zare yana nan. Tudu yana inda na sa shi, bai goce ba, bai kwanta ba. Aikin ba shi da aibu. Wallahi ba shi da aibu.

Na yi wa wani mai Napep tsawa a kan ya taka min kwali. Bai yi min komai ba bawan Allah.

Laraba, 29 ga Oktoba

Tsohuwar ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba aka faɗa mata. Yaya Fadila ta kira ni a waya tana magana ƙasa-ƙasa: an aika Rigasa, Asabar da hantsi.

Wai Hajiya ta ce, "An ba ɗan takalmi lokacinsa. Wata guda yarinya tana yawo da sosonsa, ga shi ciwo ya dawo."

Shehu ya ce shi ya riga ya yi magana.

Juma'a, 31 ga Oktoba

A masallaci ban ji huɗuba ba.

In na yi shiru, kowa zai ci gaba da cewa takalmin Rabe ya yi sati uku yana aiki sannan ya gaza. Da sauran mutunci a haka. Amma gobe za a tsaga ta.

In na yi magana, sai na faɗa a gaban Shehu cewa ban ma san takalmin da ke ƙafarta ba. Kuma in ce wa matar nan, wadda ta aika a kira aska, hannunta ne maganin. Ita fa. Shehu zai kai labarin har ofis. Mai shayi ma zai ji.

Me ya sa sai ita? Duk unguwar nan a rasa hannun da zai yi sai nata?

Na auna na sake aunawa. Ɗigo ashirin da uku Hajiya tana gari. Gicciye biyu ba ta gari. Ba ni na tsara ba, haka yake a littafin.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Na riga wanzamin zuwa. Dattijo ne, fari tas a gemu, ya ajiye zabira ya gaisa da kowa har da ni. Na so ya zama mugu, bai zama ba. Ya ga ina kallon hannunsa ya ce, "Sabuwar reza ce, samari, a gabanka zan ɓare."

An shimfiɗa tabarma a tsakar gida. An ce wa Umaima magani za a shafa mata, amma ta ga zabirar. Ta riƙe zanin kakarta da hannu biyu. Yaya Fadila ta shige kicin ta tsaya a bakin ƙofa. Shehu yana danna waya.

Na ce Hajiya, ina da magana kafin a fara.

"Takalmin ne kuma?"

Na ce shi ne. Na buɗe bayan littafin nan. Haushin kaina ya kama ni. Na faɗi komai. Ruwan sama, tulin takalman Islamiyya, Maman Lubna, ƙaryar gam da na yi wa Yaya Fadila. Na ce kwana ashirin da ba ta yi kuka ba, aikina yana ƙafar 'yar wasu.

Shehu ya fashe da dariya har wayar ta kusa faɗuwa. "Injiniya! Ashe maganin ma a layin bayan masallaci yake aiki!"

Na bar shi ya gama. Na ji kunnena yana zafi.

Na ce ga ranar da kika fara gasa mata, Hajiya. Daga nan ɗigo ne har ranar da kika hau mota. Ga Asabar, ga Litinin, kina Zariya, tana cikin takalmina. Kin dawo Laraba kin gasa mata. Laraba, Alhamis, Juma'a, ɗigo.

Ba ta iya karatun boko ba, amma ta karɓi littafin ta kai kusa da ido. Ɗigo da gicciye ba sa bukatar makaranta. Ta bi su da farce ɗaya bayan ɗaya.

"Kai yanzu nufinka hannuna ya fi askar Wanzam?"

Na ce ban sani ba, Hajiya. Likita ma ta ce yana tafiya da kansa. Abin da na gani na faɗa. Ya dai fi takalmina.

Wannan ta ƙarshen da ƙyar ta fito.

Ta dubi Umaima. "Ke, da na tafi wa ya gasa miki?"

"Umma. Amma ita sauri take yi, ruwan ma bai yi ɗumi ba."

Daga kicin Yaya Fadila ta ce, "Ji min yarinya."

Wanzam ya yi gyaran murya ya ce shi dai duk yadda aka ce.  Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙwaurin yarinyar. Sannan ta rufe littafin ta miƙo min ba ta dube ni ba.

"Wanzam, ka taso tun daga Rigasa, ba za ka koma da zabira a rufe ba. Ga kai nan." Ta nuna ni da haɓa. "Sumar ce ta toshe shi, shi ya sa magana ta yi kwana goma ba ta samu hanyar fita ba. Kwashe ta duka."

Wata huɗu ina tara sumar nan. Na kalli Shehu, na kalli rezar, na cire hula na zauna a tabarmar da aka shimfiɗa wa Umaima.

An aske ni tas. Umaima ta ce kaina kamar kankana.

Ba a taɓa ta ba.

Talata, 4 ga Nuwamba

Kaina sanyi yake ji. Mai shayi ya ji labari, ban san ta ina ba. Da na wuce sai ya ce, "Likita, an fito?" Zai gaji.

Har yanzu ina cewa insol ɗin daidai take. Tafinta shafe ne, likita ta tabbatar, kuma takalmin ya daina cinyewa ta ciki. Tana sawa. Wanda ya ce zai kawo ɗansa ya zo, na ce ya fara kai shi asibiti, sannan ya nemi mai hannu a gida.

Jiya Hajiya ta aiko da silifas ɗinta, hanci ya fita. Na mayar. Na ga tana cin dunduniyar dama sosai, gwiwar nan tana damunta ba ta faɗa. Na sa mata soso mai laushi a ƙasa. Ragowa ne, da ma zubarwa zan yi.

Akwai abin da ban rubuta ranar Asabar ba.

Lokacin da ake aske ni kaina yana sunkuye, ƙasa kawai nake gani. Hajiya ta sa aka kawo roba, ta miƙe ƙafafu za ta ɗora na Umaima, zaninta ya ɗan ja sama. Ƙwaurinta duka biyu, layi-layi, tun daga idon sawu. Sun tsufa sun yi fari. Na fara ƙirgawa na wuce ashirin a ƙafa ɗaya, sai ta lura ta ja zanin.

 Shehu ta kira, da sunan da ba na jin tana kiransa a gaban mutane. Ta ce, "Ko ni ce na sake ce maka a kira wanzami saboda ƙafar yarinyar nan, kar ka kira."

Na rubuta ne don kar wani ya musa wata rana. Yaya Fadila ta ji, tana bakin kicin. Wanzam ya ji, don askar ta tsaya a ƙeyata. Shehu ya ajiye waya ya ce to. Umaima ma tana wajen, amma ita kaina take kallo.